Jan nama: wa ya kamata ya rage, wa ya kamata a ƙara masa?

Tun watan Oktoban 2015 wani labari yake yawo, kuma duk lokacin da Babbar Sallah ta ƙarato sai ya sake ɓullowa a wayoyin mutane: wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nama yana jawo kansa. Wasu su karanta su tsorata, har su fara kallon tsokar da ke cikin miyarsu da zargi. Wasu kuma su ja tsaki su ce maganar Turawa ce, ai kakanninmu sun ci nama sun tsufa lafiya lau. Maganar tana da tushe, sai dai kafin ta iso gare mu an yanke mata kai da ƙafa, kuma abin da aka yanke ɗin shi ya fi shafarmu.

Cibiyar binciken kansa ta hukumar, wato IARC da ke birnin Liyon na Faransa, ita ta tara masana 22 daga ƙasashe 10, suka zauna suka tace bincike sama da 800. Sun raba naman gida biyu. Na farko jan nama, wato tsokar dabbobi masu shayarwa: sa, rago, akuya da makamantansu, raƙumi ma a nan yake. Kaza da zabo da kifi ba sa ciki. Na biyu sarrafaffen nama, wanda aka tsuma shi da gishiri, ko aka kyafe shi da hayaƙi, ko aka zuba masa sinadarai don ya daɗe bai lalace ba, irin su sosej da naman gwangwani. Hukuncin da suka yanke shi ne, sarrafaffen nama an tabbatar yana iya jawo kansar babban hanji, don haka suka sa shi a rukuni na 1. Jan nama kuwa suka sa shi a rukuni na 2A, ma'ana akwai kyakkyawan zato amma hujjar ba ta kai ta yanke hukunci ba.

A nan mutane suka rikice, domin taba sigari ma tana rukuni na 1. Sai aka yi ta yaɗawa cewa cin sosej daidai yake da shan taba. Rukunin nan yana auna ƙarfin hujja ne, ba girman ɓarna ba. Kunama da kububuwa duk babu mai shakkar suna da dafi, amma wanda kunama ta harba da wanda kububuwa ta sara ba ɗaya suke kwana ba. Ita kanta cibiyar ta kawo alƙaluman da ke nuna tazarar: kimanin mutum 34,000 a shekara a faɗin duniya ake danganta mutuwarsu ta hanyar kansa da yawan cin sarrafaffen nama, taba kuwa kusan miliyan 1.

Sai kuma adadin da ya fi tayar da hankali. An ce duk giram 50 na sarrafaffen nama da mutum ke ci kullum yana ƙara masa haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100, giram 100 na jan nama kullum kuma kimanin kashi 17. Ba wai mutum 18 cikin 100 za su kamu ba. Ƙari ne a kan haɗarin da yake can tun farko. A ce a wata ƙasa mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan cuta a tsawon rayuwarsu, to ƙarin kashi 18 zai mai da su kimanin 7. Ga mutum ɗaya ƙarin kaɗan ne. Ga hukumar da ke kula da lafiyar miliyoyi kuwa, rayuka ne masu yawa, shi ya sa ba za ta yi shiru ba. A kuma lura da kalmar kullum. Ana maganar wanda ya mai da abin abincinsa na yau da gobe shekara da shekaru, ba wanda ya ci a ɗaurin aure ba.

Ta wace hanya naman yake yin illar? Masana sun fi tsayawa a kan hanyoyi uku. Sinadarin da ke ba naman launin ja, wanda ke ɗauke da ayon, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, idan ya yi yawa a cikin hanji yana taimakawa wajen samar da wasu sinadarai masu lahani ga bangon hanjin. Sinadarin naitirait da masana'antu ke zuba wa sosej da naman gwangwani shi ma yana rikiɗa zuwa irin waɗannan. Ta uku ita ce wuta, kuma ita ce ta fi kusa da mu, zan dawo gare ta.

Ba kansa kaɗai ake magana ba. Kitsen dabba, irin wanda ke daskarewa a saman kwanon miya idan ta huce, yana ɗaga mugun kolestarol a jini, shi kuma yana taruwa a jijiyoyi a hankali har ya kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kitse kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. A 2024 kuma mujallar Lancet mai kula da ciwon suga ta fitar da wani babban nazari da masu bincike na Jami'ar Kambirij suka jagoranta, wanda ya haɗa bayanan mutum kusan miliyan 2 daga ƙasashe 20. Sun ga cewa masu cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum haɗarinsu na kamuwa da ciwon suga ya fi da kashi 15, masu cin giram 100 na jan nama kuma da kashi 10.

Masanan ma ba bakinsu ɗaya ba. A 2019 wani ayarin masu bincike ya wallafa a wata fitacciyar mujallar likitoci ta Amurka cewa hujjojin da ake da su masu rauni ne, don haka babu dalilin matsa wa mutane su rage. Aka yi musu ca. Tushen saɓanin a fili yake: ba za a iya kulle mutum dubu goma shekara ashirin ana ba rabinsu nama ana hana rabi ba. Abin da ake yi shi ne a tambayi mutane abin da suke ci, a bi su shekaru ana lura da wanda ya kamu da wanda bai kamu ba. To a ƙasashen da aka yi binciken, mai yawan cin nama sau da yawa shi ne mai shan taba, mai ƙiba, wanda ba ya motsa jiki, ba ya cin ganye. Ana ƙoƙarin ware waɗannan a lissafi, amma ba a iya ware su tas. Ni abin da na fahimta daga wannan taƙaddama shi ne, illar sarrafaffen nama ta tabbata, illar yawan jan nama abu ne da ya kamata a yi hattara da shi, matsakaicin cin tsoka kuwa babu hujjar da za ta sa a tsorata mutane a kai. Asusun Binciken Kansa na Duniya ya ajiye iyaka mai sauƙin fahimta: giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, wato kimanin kilo ɗaya ba kwata idan ɗanye ne, sarrafaffe kuma a ci kaɗan ainun ko a bar shi.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, gida nawa ne a Gumel ko Tasawa ko Yauri kowane mutum a cikinsa ke samun kilo ɗaya ba kwata na nama a mako? Yawancin binciken nan an yi shi ne a kan mutanen Turai da Amurka. A Amurka abin da ke faɗa wa kowane mutum na nama a shekara ya haura kilo 100. A Najeriya bai kai kilo 10 ba, kuma wannan matsakaici ne, an haɗa mai ci kullum da wanda sai Sallah zuwa Sallah. Gargaɗin da aka rubuta don mai ƙoshi, idan aka karanta wa mai yunwa ba tare da bayani ba, cutarwa zai yi.

Matsalarmu mafi girma tana ɗaya ɓangaren. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuma kashi 68. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suka tsumbure kashi 37 ne a ƙasa baki ɗaya, amma a Arewa maso Yamma sun kai kashi 57. Ba abinci kaɗai ke jawo ƙarancin jini ba, akwai maleriya, tsutsar ciki, sikila, haihuwa kusa-kusa. Duk da haka rashin ayon a abinci yana cikin manyan dalilai, kuma a nan jan nama yake da martabar da abinci kaɗan ne ke da ita.

Giram 100 na dafaffiyar tsokar sa yana ɗauke da furotin kimanin giram 26, cikakke, mai dukkan abubuwan da jiki ke buƙata don gina tsoka da gyara rauni. Yana da zinki, wanda ke taimaka wa garkuwar jiki da girman yaro. Yana da bitamin B12 da ya kusa ishin babba na yini guda, kuma wannan bitamin ba a samunsa a gero ko wake ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba: nama, kifi, ƙwai, nono. Rashinsa yana taɓa jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ayon ɗin da ke cikin wannan giram 100 bai wuce miligiram 2 zuwa 3 ba, wake ma yana iya fin haka a takarda. Bambancin yana wurin tsotsa. Ayon na nama jiki yana ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa, na tsirrai kuwa daga kashi 2 zuwa 20 ne, domin hatsi da wake suna da wani sinadari da ke riƙe shi ya hana shi shiga jini. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan riƙon. Tumatir da lemo da gwaiba, masu bitamin C, suna buɗe masa hanya. Baƙin shayi a kan abinci yana toshe ta. Abin da ya fi burge ni shi ne, ɗan nama kaɗan a cikin miya yana ƙara yawan ayon ɗin da jiki ke tsotsa daga zogale ko kuka ko waken da aka ci tare da shi. Wato 'yar tsokar nan tana aiki biyu.

To wa ya fi buƙatar wannan ayon? Bisa ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, namiji babba yana buƙatar miligiram 8 a rana. Mace mai al'ada 18. Mai ciki 27. Jariri ɗan wata 7 zuwa 12 yana buƙatar 11, wato ya fi mahaifinsa, ga shi cikinsa ɗan mitsitsi ne. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda dai ake cewa ta hana nama, ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 6 zuwa 23 nama ko kifi ko ƙwai kullum.

Sai a dubi yadda ake rabon tukunya a gidajenmu. Uwargida ta sauke miya, ta ɗauki ludayi ta tsamo manyan tsokoki ta jera a kwanon maigida, ta rufe ta ajiye. Baƙo idan akwai shi ya samu nasa. Yara a ba su ƙashi su tsotsa, ko jijiyar da haƙoransu ba za su iya da ita ba. Ita kanta, ko da ciki wata bakwai gare ta, sai abin da ya rage a ƙasan tukunya. Ɗan yaye kuwa koko ne safe da yamma. Girmama maigida tarbiyya ce mai kyau, ba ita nake ƙi ba. Amma wanda ya fi kowa ƙarancin buƙata shi ke samun kaso mafi tsoka, kuma sau da yawa shi ne zai fita bayan isha ya tsaya wurin mai tsire ya ƙara. Har yanzu kuma akwai gidajen da ake riƙe da camfin cewa yaron da ya saba da nama ko ƙwai zai yi kwaɗayi har ya kai ga sata. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kuɗin cefanen bai canza ba, hannun da ke rabo ne kawai ake so ya canza. Iyayenmu sun san darajar nama ga mace, shi ya sa ake yi wa mai jego kauri da farfesu da gashi. Abin da ya rage shi ne a gane cewa buƙatar ta fara tun tana da cikin, ba sai ta sauka ba. Yaro ɗan wata bakwai kuma ba a ce a miƙa masa tsoka ya shaƙe ba: a dafa ta yi laushi, a daka ko a niƙa, a zuba cokali ɗaya ko biyu a faten da yake ci.

Hanta tana da nata bayani. Ta fi tsoka ayon da B12 nesa ba kusa ba, ga bitamin A mai yawan gaske, don haka ɗan ƙaramin yanki lokaci-lokaci yana yi wa yaro amfani sosai. Yawan bitamin A ɗin nan kuma shi ne haɗarinta ga mai ciki, musamman a watannin farko, domin yana iya taɓa halittar ɗan tayi. A Birtaniya ma shawarar da ake ba mai ciki ita ce ta bar hanta gaba ɗaya. Inda nama ya yi tsada, ƙwai da busasshen kifi da nono da fara suna toshe wani ɓangare mai yawa na giɓin.

Wanda gargaɗin 2015 ya shafa yana nan a cikinmu, kuma yawansa ƙaruwa yake. Shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwar birni da ya haura arba'in, ciki ya fito, daga mota sai ofis ko shago, da rana shinkafa da nama, da dare balangu da lemon kwalba, a ce a sa masa ta wurin kitse ko tozo. Idan an taɓa gaya masa jininsa ya hau, ko sugansa yana kan iyaka, ko akwai ciwon zuciya a gidansu, to shi ake nufi. An ruwaito a Muwaɗɗa ta Imam Malik cewa Sayyidina Umar ya ce a yi hattara da nama, domin yana da sabo irin sabon giya. Duk wanda ya saba da tsayawa bakin tukuba kowane dare ya san yadda ƙafa ke kai shi da kanta. Irin wannan mutum ba a ce ya daina ba. Ya mai da shi sau biyu ko uku a mako, ya zaɓi tsoka ya bar kitse, sauran ranaku ya koma kifi, kaza, wake ko awara. Naman akuya ya fi na turkakken rago ƙarancin kitse, naman raƙumi ma haka in an bar tozon. Mai ciwon ƙoda shi likitansa ne zai auna masa, mai ciwon gaɓɓan nan da ake kira gawut kuma kayan ciki su ne suka fi tayar masa da shi.

Batun wuta. Idan nama ya daɗe a kan zafi mai tsanani har ya yi baƙi, wasu sinadarai suna samuwa a jikinsa waɗanda babu su a ɗanye. Idan kuma kitse ya ɗiga a garwashi ya yi tsuwwa, hayaƙin da ke tashi ya koma ya lulluɓe naman yana ɗauke da wasu sinadaran, ciki har da irin waɗanda ake samu a hayaƙin taba. Shi ya sa farfesu da dahuwar miya suka fi gashi aminci. Tsiren da aka kafa a gefen wuta yana gasuwa a hankali ya fi wanda aka ɗora kai tsaye harshen wuta na lasarsa, kuma ɓangaren da ya ƙone ƙurmus a yanke a yar. Mafi muni shi ne babbaka kai da ƙafa da ganda da tsohuwar taya ko roba, wanda har yanzu ana gani a wasu mayanka. Baƙin hayaƙin nan guba ne ga mai ci, ya fi zama guba ga yaran da ke tsaye a kansa yini guda suna juya ƙafafu.

Kilishi fa? A cikin misalan sarrafaffen nama da IARC ta lissafa akwai busasshen nama irin na Afirka ta Kudu da na Amurka, waɗanda 'yan'uwan kilishi ne. Kilishin gargajiya, wanda ake fere tsoka falle-falle a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji a sake shanyawa sannan a ɗan gasa, ba a zuba masa naitirait irin na masana'anta, kuma kitsensa na dabba kaɗan ne. Amma yana da gishiri da dunƙulen ɗanɗano masu yawa, kuma tunda ruwansa ya tafi, ɗan falle kaɗan nama ne mai yawa. Gishirin da aka yarda wa babba a rana bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi, an haɗa da na miya da na komai. Mai hawan jini ya ɗauki kilishi a matsayin tsaraba ta lokaci-lokaci.

Kwanakin layya ba su ne ke jawo kansa ba, mako ɗaya a shekara bai isa ba. Abin da ke kwantar da mutane a lokacin shi ne cin nama safe, rana, dare babu ganye babu isasshen ruwa, da kakiden da ake adanawa ana zuba wa abinci wata da watanni, da kuma naman da ya fara lalacewa. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki ba, kuma naman da ya narke a firji ya sake daskarewa saboda ɗauke wuta abin tsoro ne. Suyar da iyayenmu mata ke yi har naman ya bushe ƙayau dabara ce ta adanawa da ke aiki, a dai tsane man sosai.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kansa saurin zuwa, wato lafiyar dabbar kanta. Naman sa da bai dahu ba yana sa tsila. Tarin fuka na shanu yana kama mutum. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja, cutar da ke iya kama wanda ya feɗe dabbar da wanda ya ci. Al'adar nan ta a ga dabba tana shure-shure a yi maza a sa mata wuƙa don kada a yi asara, sannan a kai kasuwa ko a yi watanda da araha, ita ce ƙofar irin waɗannan cututtuka. Haka dabbar da aka yi wa allurar magani jiya aka yanka yau, sauran maganin yana cikin namanta. Sayen nama daga mahaucin da aka sani, a mayankar da likitan dabbobi ke dubawa, da dafa shi har cikinsa ya daina ja, ya fi duk wani lissafin giram muhimmanci ga yawancinmu.

Kansar hanji kuwa, wadda duk maganar ta taso a kanta, tana warkuwa idan an gano ta da wuri, amma a wurinmu kusan kullum a makare ake zuwa, domin duk jinin da aka gani a bayan gida sunansa basir. Sai a yi shekara ana shan jiƙo da sassaƙe. Wanda ya ga jini yana maimaituwa, ko bayan gidansa ya sauya tsawon makonni, yau gudawa gobe bushewar ciki, ko yana ramewa babu dalili, ko an ce jininsa ya yi ƙasa ba a san ta inda yake zuba ba, musamman idan ya haura shekara 45, ya je asibiti a duba hanjin, ko yana cin nama kullum ko sai Sallah.